Rawar Hannun Mai Aski

Ranar da na yanki kunnen Hedimasta, ban yarda hannuna ne ya yi ba. Na duba askar, na girgiza kujera ko ita ce ta goce, har fankar sama sai da na harara. Shekara ashirin da ɗoriya ina aski a shagon nan, ban taɓa fitar wa mutum jini ba sai in da ƙurjinsa ya zo. Injin aski kowa na iya riƙewa. Abin da ke kawo mutane wurina aska ce: gyaran fuska, saisayen gemu, da layin goshi wanda in ka fita sai an tambaye ka wa ya yi maka.

Hedimasta tsohon shugaban makarantar unguwarmu ne, ya daɗe da ajiye aiki amma sunan ya bi shi. Ya danne kunnen da auduga, ya dube ni ta madubi.

"Hannunka rawa yake yi," in ji shi.

"Ba ya yi."

"To ɗaga mu gani."

Na ɗaga. Yatsun nan sai karkarwa suke yi kamar na wanda zazzaɓi ya kama. Na tura hannun aljihu na ce yunwa ce, ban karya ba. Alhali cikina taf yake.

Na daina shan shayi mai kauri, na rage aiki, na sha duk abin da aka ce in sha. Abu sai gaba yake yi. Labari kuwa ba ya kwana a unguwa. Mutanen da na yi wa askin angwanci suka fara wucewa ta ƙofata suna ɗaga mini hannu, su tsallaka titi su shiga shagon wani da ko wasa aska bai iya ba, sai dai madubai da kiɗa. Ina zaune ina kallonsu ta gilas, abin ya zo mini wuya. Da wannan hannun nake ci da iyalina, ba ni da wata sana'ar. Na rufe shago na tafi asibiti.

Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka ce in dawo. Da na dawo, likitar, wata matashiya mai gilashi, ta daɗe tana duban sakamakon kafin ta dube ni.

"Baba, aikin zinariya kake yi?"

"Aski nake yi."

"Akwai makuri a jikinka, kuma da yawa. Ka san wannan ruwa mai ƙyalli da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki? Shi ne. Guba ne, yana taɓa jijiya da ƙoda. Wane mai kake shafawa?"

"Man me?"

"Na ƙara hasken fata. Akwai waɗanda ake zuba shi a ciki."

Ka ji mini mace. Na naɗe hannun riga na miƙa mata damtsena, baƙi wuluk yadda aka haife ni da shi.

"Likita, dube ni da kyau. Na yi miki kama da mai neman fari?"

Ko murmushi ba ta yi ba. "Kana samun barci sosai? Mantuwa fa? Saurin fushi?"

"Wane irin saurin fushi kuma? Ni?"

Ashe na ɗaga murya, don sai da wata nas ta leƙo. Likitar ta rubuta wani abu, kuma na san abin da ta rubuta. Sannan ta ce in ɗora hannuwana a tebur. Ta nuna da bironta daga yatsuna zuwa wuyan hannu. Ni ma sai a lokacin na lura: yatsun sun fi sauran jikina haske.

"Wa kake shafa wa?" ta tambaya.

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige. Akwai maganar da namiji ba ya faɗa wa amininsa, balle yarinyar da ya haifi kamarta. Amma ga hannuna a tebur yana ta rawa a gabanmu, dole na faɗa.

Maiɗakina ta fara shafa man ne bayan haihuwar autarmu, saboda wasu baƙaƙen tabo da suka fito mata a kumatu. Wata maƙwabciya ta ba ta. Tabo ya tafi, fuska ta yi haske, to wuya kuma ba zai zauna daban ba, sai wuya ya bi, hannu ya bi. Tsakiyar baya ne hannunta ba ya kaiwa, ita kuma ta ce ba za ta zauna kala biyu ba. Shi ne safe da yamma, in ta yi wanka, sai ta miƙo mini kwalba ta juya baya, ni kuma in lakato in murza. Shekaru muna haka. Kuma gaskiya ban ƙi ba, don lokacin ne kaɗai muke hira ba yaro a tsakaninmu.

"Ka kawo ta, ka kawo yaran," in ji likitar. "Abin yana maƙalewa a tawul da zanin gado, yana tashi a iskar ɗaki. Kwalbar kuma kada a ƙara buɗe ta."

Na isa gida na tarar da maiɗakina tana yankan albasa. Na zayyana mata komai. Ta ajiye wuƙa ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, ni da nake shafawa tun daga goshi har ƙafa ban yi rawa ba, sai kai mai lakato ɗan kaɗan? Tsufa ne ya zo maka, ka karɓa."

"Ke yaushe rabonki da barcin kirki? Shekaranjiya sau biyu kika zuba gishiri a miya. Jiya cokali ya faɗi, kika zage shi har uwarsa."

"Kai fa da ka yi faɗa da makullin ƙofa?"

Muka yi ta yi, kowa na nuna wa ɗan'uwansa cewa shi ne mai fushin. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar sai da yara suka fice tsakar gida. Ta ɗauko kwalbar ta dangwara mini a gaba, ta ce in karanta. Na karanta. Karas, madara, zuma, da wasu sunaye masu tsawo. Ga hoton mace tana dariya. Babu makuri ko a gefe.

"Ka gani?" ta ce. "Abin da za a iya ci ma."

Washegari na sa kwalbar a leda na nufi kantin da take saye. Mai kantin ya juya ta a hannu, hankalinsa kwance.

"Ai wanda hukuma ta hana mai jan murfi ne, Alhaji. Wannan kore ne."

"Ina mai jan murfin yake?"

"An daina kawowa."

"Yaushe aka fara kawo koren?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "To, kusan lokacin dai."

Na tambaye shi ko matarsa na shafawa. Ya ce a'a, ita fatarta ba ta son mai. Na fita kafin in yi abin da za a tara mini jama'a.

Daga nan na wuce ofishin masu kula da ingancin magunguna da kayan shafa. Na zauna a benci har ƙafata ta yi sanyi, sannan aka shigar da ni wurin wani jami'i. Na shiga da niyyar faɗa, sai na tarar da mutum a gajiye, ya fi ni jin haushin abin. Ko buɗe ledar bai gama yi ba ya gane.

"Wannan sunansa na uku ke nan," ya ce. "Ba mu yi masa rajista ba, ba mu taɓa ba shi lamba ba, lambar da ke jiki ta bogi ce. Mu kama, su canja murfi da hoto, ya sake shigowa."

"To ku gwada kowanne mana."

"Da na'ura ɗaya? Ita ma tana jiran gyara."

Ya tashi ya buɗe mini wata ƙofa a ƙarshen baranda. Ɗaki guda, kwalaye har rufi, wani ƙamshi mai hawa kai ya buso. Duk kamu ne. Na ce me suke jira da ba su cinna masa wuta ba. Ya ce in aka ƙona, gubar hayaƙi za ta bi, unguwa duka ta shaƙa. Ba a zubawa a kwata, ba a binnewa, ba a jefawa a bola.

"To ni tawa kwalbar fa, in cinye?"

"Bar ta nan," ya ce, ya ɗora ta a kan tulin ya ja ƙofa.

Ina fita, a bakin ƙofar ofishin, ga wata mata da faranti a ka tana tallan mayuka. Ban tsaya duba kalar murfi ba, don na san in na duba sai an riƙe ni.

Da ƙyar da jan rai maiɗakina ta yarda aka je gwaji, tana cewa za ta je ne kawai don ta kunyata ni. Sakamako ya fito. Nata ya ninka nawa, har ƙodarta ta fara nuna alama. Yaran ma akwai a jikinsu, kaɗan, amma akwai, kuma na autar ya fi, don ita ke kwana a bayan uwarta. Muka iso gida. Ta shiga ɗaki ta fara yaye zannuwan gado. Tawul, matasan kai, rigunan barci, duk ta ƙulle a manyan ledoji. Na zo zan taya ta, ta ce in cire hannuna daga ciki.

Mu biyu aka ɗora mu a kan magani. Ita kuma da ta daina shafa man, fatar ta fara ramawa. Ba ta koma yadda take da ba, sai ta yi dabbare-dabbare, goshi da kumatu suka yi baƙi ƙirin, gefen wuya fari. Matan unguwa, har da wadda ta fara ba ta man, suka riƙa tare ta a hanya: "Lafiya kuwa? Ko ƙonewa kika yi?" Wata ma ta kawo mata sabon mai, wai wannan na gyara ne. Ta mayar mata da abinta. Na san tana kuka a banɗaki, don famfo ba ya daɗewa haka a buɗe. Haushinta nake ji, tausayinta nake ji, na rasa wanda zan fara da shi.

A shago kuwa inji kaɗai nake riƙewa, shi ma sai na tokare gwiwar hannu a jikin kujera. Duk wanda ya ce a gyara masa fuska sai in ce aska ta dakushe. Wata ya bi wata. Barci ya dawo, faɗa ya ragu a gida, rawar ma ta ragu, amma ba ta tafi ba. Na tambayi likita yaushe za ta tafi duka.

"Wasu tana tafiya gaba ɗaya, wasu tana barin saura," ta ce. "Ba zan yi maka alkawari ba, Baba. Kai ne za ka sani, in ka gwada."

In gwada a wuyan wa? Wa zai ba ni maƙogwaronsa in koyi aski a kai da furfurata?

Na faɗi haka a gida, cikin mita kawai. Washegari da safe ina share shago, ko labule ban ɗaga ba, sai ga maiɗakina. Tunda muka yi aure ba ta taɓa shigowa shagon nan ba. Ta ajiye jaka, ta hau kujerar aski, ta ɗage ɗankwalinta daga baya ta sunkuyar da kai.

"Akwai gashi a ƙeyata," ta ce. "Kwashe mini da aska."

"Ke, tashi. Mutane za su zo."

"Shi ya sa na yi sammako. Ta dalilina hannun ya lalace. In zai yanki wani, ya fara da ni."

"Wannan wace irin magana ce? Ana wasa da aska ne?"

"Baban yara, ka gwada. Ka gaji da rashin sani, ni ma na gaji."

Na tsaya ina huci. Sannan na buɗe durowa na ɗauko askar. Na wasa ta a fata yadda na saba, na kaɗa kumfa na shafa mata a ƙeya. Na dafa kanta da hagu. Jikinta ko motsi, ta ba ni wuyan nan gaba ɗaya.

Na kawo askar kusa. Daga nesa hannun lafiya lau yake, har na fara jin daɗi. Da ya rage kaɗan bakin ya taɓa fata, sai na ga tsinin yana ɗan lilo. Kaɗan ne, wani ba zai ma gani ba. Na ja numfashi na riƙe, na sake kawowa. Yana nan. Na san wannan ɗan lilon, na san abin da zai yi in ya haɗu da bayan kunne ko maƙogwaro.

"Ka fara?" ta tambaya, kanta a ƙasa.

Na ɗauki tawul na goge mata kumfar tas. Na naɗe askar. Ta ɗago ta dube ni ta madubi, ni ma na dube ta, da fuskar nan tata mai dabbare-dabbare. 

"Buɗe jakarki," na ce.

Ta buɗe. Na sa askar a ciki, na haɗa da sauran ukun da ke durowa, da fatar wasawa.

"A ina zan ajiye maka?"

"Inda ba zan gani ba."

Ta gyara ɗankwali, ta rungume jakar a ƙirji ta fita. Ni kuma na ɗaga labule, na jona inji a wuta, na zauna jiran wanda zai zo.