Jan Layin Baba Mai Kifi

"Ajiye bokitin nan!" na daka wa Injiniya tsawa daga bakin ƙofa. Ina! Ya riga ya juye rabi a tankin kifin ubansa.

Baba mai kifi maƙwabcina ne, ƙofarsa na kallon tawa. Shekara tara yana kiwon wasu kifayen teku guda biyu, ruwan goro masu farin ratsi, a tankin gilashi a falonsa. Ranar da za a kwantar da shi a asibiti ni ya damƙa wa makulli, ya nuna min jan layin da ya ja a jikin gilashin.

"'Yata, ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishirin yana nan ba ya zuwa ko'ina. In ya sauka ƙasa da layi, tataccen ruwa zalla za ki ƙara. Ki riƙe min su har in dawo."

Kwana goma ina yi lafiya lau. Sai ga babban ɗansa, Injiniya, wanda rabonsa da gidan shekara uku, ya zo ya karɓe makullin. Wai kifin teku ai ruwan gishiri yake so. Ashe kullum sai ya dama gishiri ya zuba.

"Malama, ki tsaya a kan keken ɗinkinki," ya ce ranar da na kama shi da bokitin. "Ni fa na yi karatu."

"Karatun banza!"

Na ture shi na ɗiga ruwan tankin a ma'aunin gishirin Baba. Gishiri ya wuce iyaka nesa ba kusa ba. Ɗaya kifin ya riga ya kife a gindin dutse, ɗayan yana haki a sama. Na yi ta sirka ruwan kaɗan-kaɗan yadda aka koya min, amma kafin yamma shi ma ya bi ɗan'uwansa. Wallahi har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Washegari na je asibiti. Baba ya ƙare, sai numfashi sama-sama. Injiniya na tsaye ta wajen kansa, yana roƙona da ido.

"'Yata, suna cin abinci?" Baba ya tambaya.

Maganar har ta zo bakina, na haɗiye.

"Suna ci, Baba."

Ya yi murmushi. Ban taɓa yi wa dattijon nan ƙarya ba sai ranar, kuma da ita ya tafi, don bai kai gobe ba. Ban yafe wa ɗansa wannan ba.

Bayan mako guda 'yan gidan suka fito da tankin baranda. Yana nan har yanzu, ruwan ya ƙafe, farin gishiri ya bushe a kan jan layin.