Ranar da Lailatu ta Kira Sunan

Lailatu ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba. A gidansu haka aka saba: ɗan fari ba a ambaton sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai dai wani ya ɗaga shi. Wannan kunyar Lailatu ta ɗauko ta ɗungurungum har Kuala Lumpur, inda mijinta Malam Ɗan'azumi yake digiri na uku da tallafin gwamnatin jiharsu. Matan unguwarsu Sentul sun yi mata tsiya har sun gaji. Rufaida ta kai shekara goma sha ɗaya, amma a bakin uwarta har yau "waccan" ce, ita kuma yarinyar tana ce mata Anti.

To, waccan ɗin tana da ciwon sikari irin na yara, wanda ba a rabuwa da allurar insulin. A damtsenta akwai 'yar na'ura kamar murfin kwalba, sensa suke ce mata. Tana auna sikarin jini ba hutawa, ta aika wa wayar da ke jakar yarinyar, ita kuma ta aika wa ta Lailatu. In sikarin ya yi ƙasa, sai ƙara. Wannan abu ya yi wa Lailatu daɗi ba kaɗan ba, don ga ta tana gadin 'yarta ido buɗe, wanda ya gan ta kuwa sai ya ce hira take dubawa a waya.

Hukumar da ke biyan karatun Malam ita ke biyan maganin iyalinsa, har da sensar da ake sauyawa duk bayan mako biyu. Kwatsam sai labari ya zo cewa za a yi tankaɗe da rairaya, kuma sensa na cikin abin da za a cire. Mai yanke hukuncin, Alhaji Abdulbaƙi, ya zo ziyarar ɗalibai, aka shirya masa walima ranar Asabar da yamma a bakin tafkin Titiwangsa.

Malam ya yi alkawarin shi zai yi magana. Sai dai Malam mutum ne da in zai roƙi gishiri sai ya fara da tarihin teku. Maza na tabarmarsu, mata na tasu a kusa, an ci shinkafa an ci kaza, shi yana nan yana godiya ga gwamnati. Ƙarshe Alhajin ne ma ya taɓo zancen.

"Malam, wannan na'urar ta 'yarka ai ƙwalisa ce. Mu a gida huda yatsa ake yi a auna, kuma ana zaune lafiya."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Malam, "sai dai idan muka duba ta wata fuskar..."

Ran Lailatu ya ɓaci. Ta wata fuskar! Ta tuna lokacin da babu sensa, yatsun yarinyar duk huji kamar rariya, ba ta zuwa ko'ina sai gefen tabarmar uwarta, 'yan'uwanta na guje-guje tana kallo. Amma ina ita ina yi wa 'yar fari magana a gaban maza? Ta ja mayafi ta haɗiye.

Sai wayar ta yi ƙara. Sikari ya yi ƙasa, kibiyar da ke nuna inda ya dosa kuma ta kalli ƙasa tsaye.

Ta waiga neman wanda za ta aika, kamar kullum. Maƙwabciyarta Hafsa ta tafi kedai, wato kanti, sayo shayi, yara kuwa duk sun hau kekunan haya. Can ta hango su sun taho a guje za su wuce, Rufaida a gaba tana dariya, hayaniya ta hana ta jin tata wayar. In suka sha kwanar nan, sai sun zagaye tafkin kafin su dawo.

Lailatu ta miƙe. "Ke!"

'Yan mata huɗu suka waigo, ban da wadda ake kira.

"Waccan! Ke mai jan hijabi!"

Keken bai tsaya ba.

"Rufaida!"

Muryar ta ratsa filin har wasu tsofaffin Sinawa masu motsa jiki suka juyo. Rufaida ta taka burki kamar ta ga maciji. Uwar ta ɗaga kwalin lemo tana kaɗawa, yarinyar ta juyo da keken, ta sauka, ta zauna ta zuƙe lemon tas.

Sai Hafsa da ta iso da ledar shayi ta ce, "Yau me zan ji lah? Ashe kin san sunan!" Aka fashe da dariya. Lailatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma tunda abin ya riga ya fita, sai ta juya wajen maza.

"Alhaji, a gafarce ni. Abin da ka ce ƙwalisa, shi ne ya gaya mini yanzu, tun kafin ta ji a jikinta. Ba don shi ba da a bayan tafkin can za ta faɗi. Kuma ba don shi ba, ni da kaina ba zan bar ta ta hau keken ba."

Alhaji Abdulbaƙi ya dubi wayar da ta miƙa, ya ga kibiyar ta fara miƙewa. Ya dubi Malam, wanda har yanzu bai kai ga ɗaya fuskar ba, ya yi dariya.

"Malam, da Hajiya ka tura tun farko. Wannan ba za a cire ba, ni na faɗa."

Aka yi ta godiya, Malam ya fi kowa tsawaitawa. Lailatu ta koma ta zauna tana tattara kwanuka don kada a ga idonta ya cika. Rufaida ta matso har kafaɗarta ta taɓa ta uwar.

"Anti," ta ce a hankali, "sake faɗa, please."

"Tashi ki ba ni wuri."

Yarinyar ba ta tashi ba. Lailatu ta duba hagu, ta duba dama, ta sunkuya kamar mai neman murfin kwano, ta sake faɗa.