Kwanon Verna

"Ajiye shi nan bakin ƙofa, 'yar uwa," in ji Doris daga bayan labule. "Yau ba na jin daɗi."

Opal ta dubi kwanon da ke hannunta. Ba ta jin daɗi? Matar da jiya a coci take rera waƙa har jijiyar wuya! Ta ajiye, ta juya.

A ƙauyen nan na Kentucky kowa ya san ƙa'ida. In an yi rasuwa, mata kan cika gidan da kwanonin kaza da taliya, kowacce ta manna sunanta a gindin nata. Ba tsoron sata ba ne. Don ranar da mai makoki za ta mayar ne, a ja ta ciki, a zuba mata kofi, a yi kuka, a ɗan ci naman mutane.

Wannan ne gida na biyar da aka bar Opal a waje.

*

Jikarta Josie, 'yar shekara shida, alewa ta je nema a durowar kakanta Delbert, mijin Opal, ta tarar da bindiga. Bindigar ta tashi. Shi ke nan.

Bayan jana'iza Opal ta miƙe a taron gari, ita da ko addu'ar cin abinci ba ta iya ja ba. Ta ce a yi doka, mai bindiga ya kulle abarsa da kwaɗo.

"Yau kwaɗo, gobe ƙwace!" wani ya daka tsawa. "Haƙƙinmu ne tun kakanni!"

"Baba Opal, 'yan birni ne suka rubuto miki?"

Aka yi dariya. Delbert ya kwashe bargonsa ya koma gareji, wai ta tsire shi gaban gari. Verna kuwa, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda mijinta Hoyt ke da shagon bindigogi, ranar nan igiyar takalminta ta ƙura wa ido.

*

Kwano ɗaya ya rage, shuɗi, mai ɓallin baki. Da rana waya ta yi ƙara. Verna ce.

"Ke tsohuwar banza, kwanona fa? Ko gado kika ci?"

Opal ta ji dariya ta taso mata, irin wadda ta manta hanyarta.

"Gobe ina tafe. Ki dafa kofin nan naki mai kama da ruwan wanki."

Verna ta yi gyaran murya.

"Ai... Hoyt zai biyo ya karɓa. Kin san kasuwa, Opal. Masu saye suna kallon wanda ke shiga gidanmu."

Opal ta shafa sunan da ke gindin kwanon.

"Ayya, Verna. Ai ya fashe."

Ta kife wayar. Ta sake wanke kwanon, tsaf ɗinsa, ta ɗora a kan tebur, daidai kujerar da babu kowa. Sannan ta zuba kofi biyu.