Harsashi Mai Tsini

Mijinyawa ya zuba albarushi a kan ɗan sikelin, ya jira allurar ta tsaya, sannan ya juye shi cikin kwanson tagulla. Na goma sha biyu ke nan. Kwansunan suna jere a kan katako, bakinsu a buɗe, ba wanda aka ɗora wa kai tukuna. A nan aikin ya tsaya masa, domin kwali biyu ne na kawunan harsashi a gabansa, tsoho da sabo, kuma sabon nan shi ne masifar.

Ɗakin yana bayan gida, jikin gareji, a unguwar Al-Nasiriya, can ƙasar Larabawa. Shekara goma sha tara Mijinyawa yana aiki a gidan nan, kuma a takarda direba ne. Amma tun ranar da maigidan, Abu Mish'al, ya gano direbansa ɗan mafarautan Ningi ne, ya jawo shi ɗakin nan ya koya masa haɗa harsashi da hannu. Bindigar da ake haɗa wa harsashin ta harbin barewa ce, tsohuwa, tun maigidan yana karatu a Amurka ya saye ta. Tana da mariƙin ƙarfe a ƙasa: ka tura shi gaba ta tofar da kwanso, ka dawo da shi ta ɗauki sabo. Harsasan kuwa a cikin wani bututu suke kwanciya ƙarƙashin bakinta, a jere, hancin wannan a gindin wancan.

To, a gindin kowane kwanso akwai 'yar ƙwayar wuta, wadda in aka dake ta albarushin ke tashi. Shi ya sa tsohon, wato maigidan, bai taɓa yarda a sa wa bindigar nan kai mai tsini ba, sai mai faɗin hanci. In ta zabura wajen harbi, tsinin na baya yana iya sukar ƙwayar na gaba, su tashi gaba ɗaya a cikin bututun, daidai inda hannun hagu ke riƙe. Ba kullum hakan ke faruwa ba. Amma sau ɗaya ya isa.

Yau shekara biyu tsohon yana kwance a sama, ɓarin jikinsa ya shanye, ko magana ba ya yi. Gida da motoci da bindiga duk sun koma hannun ɗansa Mish'al. Haka ma ikamar Mijinyawa da ta matarsa Sailuba, mai dafa abincin gidan, takardun zaman da in babu su sai jirgi. Saura kwana tara su ƙare.

Ƙofa ta buɗe ba sallama. Mish'al ne, da kofin gahawa a hannu, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Har yanzu ba ka gama ba?"

"Saura kawuna, ranka ya daɗe." Mijinyawa ya ɗaga ɗaya daga sabon kwalin, siriri, mai sheƙi, hanci kamar allura. "Wannan ba na bindigar nan ba ne."

"Girmansu ɗaya. Na tambayi mai shago."

"Girma ɗaya ne, hanci ne ba ɗaya ba. Babanka ya ce..."

"Babana da harsashin zamanin raƙuma yake harbi. Wannan ya fi tafiya nesa. Abokaina duk da shi suke harbi."

"Bindigoginsu ba irin wannan ba ne. In dole sai shi, to guda biyu kawai za ka sa, ɗaya a baki ɗaya a bututu. Kada ka cika ta."

Mish'al ya yi dariya. Guda biyu! Shi da ya yi wa abokansa alkawarin za su ga yadda ake zazzage harsashi shida a jere kamar a fim? Ya ajiye kofin a kan littafin ma'aunin babansa, ya bar masa zoben gahawa a bango.

"Ya sawwag," ya ce, wato kai direba. "Ka sa abin da na ce. Halas, magana ta ƙare. In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini, ikamarka tana nan a wayata, dannawa ɗaya ce. Ko a sabunta, ko a rubuta fita daga ƙasar."

Ya juya ya tafi. Wannan fa yaron da Mijinyawa ya yi shekara goma yana kaiwa makaranta, wanda a da Ammi yake ce masa, kawu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa, ya ji haushin kansa da ya bari ya kawo.

Ya zauna ya yi ta juya maganar. Ya sa tsofaffin kawunan? Yaron yana da ido, zai gani. Ya bar kwansunan ba albarushi? Ya kunyata shi gaban abokansa, kafin magariba an rubuta fita. Ya hau sama ya faɗa wa tsohon? Sai dai tsohon ya kalle shi miyau na zuba. Fita kuwa ba tasa ce ke ba shi tsoro ba. Sailuba ƙodarta ta mutu shekara uku da suka wuce, sau uku a mako ake mata wanki a wani asibiti a Al-Shumaisi, kuma ikamar nan ce ke buɗe mata ƙofar. A ƙauyensu wa zai wanke mata ƙoda? Wata biyu ba za ta yi ba, shi ya sani, ita ma ta sani.

Ya yi bisimilla ya jawo sabon kwalin. Ya ɗora kai a bakin kwanso, ya ja hannun matsi, ya zauna daram. Ya auna tsawonsa. Aiki mai kyau, wallahi, ba inda za a kushe. Haka ya yi guda goma sha biyu.

Bayan azahar ya ɗauki Sailuba zuwa asibiti. Tana gidan baya, ƙafafunta sun kumbura sun cika silifa, ƙullin bargonta a cinya saboda sanyin ɗakin wanki.

"Malam, yau ba ka ci komai ba."

"Zan ci a gona, yau su Mish'al za su harbi a can."

"Ya yi maganar ikamar?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

"Ya ce tana wayarsa."

Ta dubi ƙeyarsa. Shekara ashirin da shida da aure, ƙeyar nan ba abin da take ɓoye mata. A bakin asibitin ya fito ya buɗe mata ƙofa, ta dafa hannunsa na hagu ta sauka a hankali.

"Ƙarfe biyar nake fitowa. Kada ka bar ni a benci kamar ranar Asabar."

"Kafin biyar ina nan, in sha Allahu."

Gonar tana wajen gari, tafiyar awa guda, ta wani abokin Mish'al ce. Fili ne mai faɗi da aka kewaye da waya, a ciki ake kiwon barewa domin masu hali su zo su harba. Mijinyawa bai taɓa kiran wannan farauta ba ko a zuci. A Ningi sai ka kwana uku kana bin sawu. Nan kuwa dabbobin suna tsaye can gindin wata bishiya suna kallon motoci, sun ɗauka abinci aka kawo.

Samari huɗu ne. An shimfiɗa darduma, an sauke butar shayi da dabino. Mish'al ya zaro bindigar daga jakarta, abokai suka yi ta shafa katakonta suna masha Allah. Ya buɗe akwatin harsasan ya fara turawa ta gefe. Mijinyawa yana tsaye jikin mota yana ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Bai tsaya ba. Uku, huɗu, biyar, shida. Ya cika ta taf.

Akwai wata al'ada da Mijinyawa ya taso da ita. Mahaifinsa shi ne maɗurin bindigogin mafarautan garinsu, kuma bai taɓa miƙa wa mutum bindiga ba sai ya ɗura ya harba da kansa, sannan ya sake ɗurawa da albarushin nan dai ya miƙa. In akwai sharri a cikin aikinka, kai zai fara samu. Abu Mish'al da ya ji wannan ya ji daɗinta, ya mayar da ita dokar gidansa: duk sabon haɗi, Mijinyawa ke harbin farko. Mish'al ya sha gani tun yana ƙarami.

Mijinyawa ya tako ya miƙa hannu biyu.

"Harbin farko, ranka ya daɗe."

Mish'al ya ɓata fuska, amma abokan sun riga sun ji. "Wane harbin farko?" Da ya yi musu bayani a gajarce sai suka fashe da dariya, abin ya burge su. Mai gonar ya zaro waya ya fara ɗauka. "Ba shi, ba shi! Mu ga maharbin Afirka." Ba yadda Mish'al zai yi, ya miƙa.

An kafa wata tsohuwar garwa can nesa. Mijinyawa ya tura mariƙin ya dawo da shi, ya ɗora bindigar a kafaɗa. Hannunsa na hagu ya zauna inda ya saba zama, a kan katakon da ya rufe bututun. Ya san abin da ke kwance a ƙarƙashin tafinsa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun yana yaro. Ya karanta abin da ya zo bakinsa, ya ja kunama.

Garwar ta yi tsalle. Samari suka yi ihu.

Ba abin da ya faru. Hannunsa na nan, yatsu biyar. Al'ada ta cika, harbi ɗaya ne, ba wanda zai ce bai yi nasa ba, ko a gaban Allah. Mish'al ya matso yana murmushi, ya miƙo hannun hagu zai karɓa. A bayan hannun akwai wani farin tabo. Ƙofar mota ce ta datse shi yana ɗan shekara bakwai, Mijinyawa ne ya naɗe hannun da hularsa, ya ruga da shi asibiti, yaron yana ta kuka yana Ammi, Ammi.

Saura biyar a bututu, hanci a gindi.

Mijinyawa ya tura mariƙin gaba ya dawo da shi.

"Ya isa," Mish'al ya ce. "Kawo."

Ya ja kunama.

Ƙarar ba irin ta farko ba ce. Bai ji zafi ba da fari, sai ya ga katakon ya tsage, hayaƙi na fita ta inda bai kamata ba, bindigar tana ƙasa. Ya duba hannunsa, ya kawar da kai. Can gindin bishiya barewar duk sun watse.

Mish'al ne ya tuƙa. Mijinyawa yana kwance a gidan baya, an naɗe hannun da jan rawanin wani daga cikinsu. Shekara goma sha tara, yau ce rana ta farko da ya ga rufin motar nan daga baya. Yana jin Mish'al yana waya, yana ce wa mai gonar ya goge hoton, ya goge yanzu, ya tabbata bai tura wa kowa ba. Bindigar da sunan tsohon take. Direba baƙo ba shi da izinin taɓa ta, balle haɗa mata harsashi, kuma ga hoto ya nuna wanda ya miƙa masa da hannunsa.

"Ammi," ya ce, bai waiwayo ba. "Ammi, kana jina? In an tambaye ka, injin ban ruwa ne. Belinsa ya tsinke, ka sa hannu. Ka ji? Injin ban ruwa."

"Na ji."

"Wane asibiti?"

"Na Al-Shumaisi. Sailuba na jira."

Biyar saura kwata suka isa. Aka shige da shi ta ƙofar gaggawa. Ma'aikaciyar jinyar da ta warware rawanin 'yar Najeriya ce, an rubuta Nazira a ƙirjinta. Ta ɗauki hantsaki ta zaro wani abu daga tafinsa ta jefa a faranti, ya yi ƙara. Ta sake zaro wani. Ta ɗaga shi a haske, ta dube shi, ta sunkuyo ta yi masa Hausa a hankali.

"Baba, injin ban ruwa ba ya tofar da tagulla."

"Na gonar nan yana yi, 'yata."

Ta ajiye hantsakin, ta tafi kiran likita.

Da ya farfaɗo an yi magariba. Hannun yana rataye a gefensa, an naɗe shi fari fat, ya zama dunƙule. Likita ya ce babban yatsa da manuni sun tsira, sauran ukun babu. Mish'al yana can bakin ƙofa, ya kasa shigowa ya kasa tafiya. Sailuba kuwa tana zaune a kujera kusa da gado, filasta a hannunta inda aka cire allurar wanki, bargonta a kafaɗa. Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma tambaye shi wane inji ba ne, ta san gidan nan ba su da gona.

Wayarsa tana hannunta. Wayar ta yi ƙara, ta duba. Ta fi shi karatun Larabci, ta bi saƙon da yatsa a hankali.

"An sabunta," ta ce. "Tawa da taka. Shekara guda."

Ya rufe ido. Daɗi ya ji, Allah ya sani, daɗi na gaske, sai kuma kunyar jin daɗin ta biyo baya.

"Me aka rubuta a wajen sana'a?"

Ta sake dubawa. "Direba."

Ta kife wayar a cinya. Ta dubi dunƙulen, ta dubi fuskarsa.

"Malam, jibi akwai wanki. Wa zai kawo ni?"

Ya gwada motsa yatsu biyun da suka rage a cikin bandejin. Ɗaya ya amsa.

"Ni mana," ya ce. "Ba ki ga abin da aka rubuta ba?"