Ranar da Muka Ƙi Yi wa Cleophus Amshi

Mama, Ozella Stokes, ta rasu ranar Talata, a watan Agustan 1962, auduga ba ta isa tsinka ba tukuna. Kwana uku kafin ta cika ta sa aka kira mata Fasto, ta faɗa a gabansa da gabana cewa ranar jana'izarta Cleophus ne zai ba da waƙarta. Ba ni ba, ni Verlene da na shekara biyu ina juya ta a kan gado ina wanke mata zannuwan shimfiɗa. Cleophus ƙanina, wanda ke can birnin Memphis yana karairaya a gaban 'yan mata cikin kwat mai ƙyalli. Abin ya ƙona min rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Waƙar Mama ake ce mata a cocinmu na Sabuwar Kan'ana, don ba ta cikin littafin waƙoƙi, kuma babu wanda ya taɓa jin ta a bakin wani kafin ita. Ba a kaɗa mata fiyano. Mama za ta miƙe daga bencin iyaye mata, ta rufe ido, ta ja da ƙarfi: "Ruwa ya kawo bakin ƙofata." Sai coci duka ya ɗauka, a hankali, da nishi, ƙafafu na dukan katako: "Ina nan, Yesu, sai ka zo." Haka irin waƙoƙinmu suke, mutum ɗaya ya bayar, jama'a su amsa. In ba amshi ba waƙa, sai dai mutum tsaye yana ihu shi kaɗai. Shekara talatin ana amsa wa Mama, kuma tun ina 'yar sha biyar muryata ce ke fara shiga, sauran su biyo ni.

Shekara guda kafin rasuwarta ina guga a gidan turawan da nake wa aiki, rediyo na kunne a kicin, sai na ji muryar ƙanina. Waƙar Mama ce sak, ba ko tantama, amma an cika ta da ganga da ƙahoni, an cire sunan Yesu, wasu 'yan mata uku na amsawa da maƙe murya wai "Ina nan, masoyi, sai ka zo." Sai da na ƙona rigar matar gidan. Kafin Lahadi babu gidan giyar da ba a taka rawa da ita ba daga nan har Clarksdale. Wai sunan irin kiɗan sol. Mu dai a wurinmu sunansa ɗaya, kiɗan Shaiɗan.

Da na kai wa Mama labari ina huci, ta sa na aro rediyo aka jira har aka sake sakawa. Ta saurara har ƙarshe. Abin da ta ce kawai shi ne yaron nan yana sauri a baiti na biyu, kullum tana gaya masa ya daina. Na yi tsaki na bar mata ɗakin.

Ranar Laraba da safe Dattijo Purvis Gatlin ya zo gaisuwa. Fastonmu coci uku yake zagayawa, sau biyu a wata muke ganinsa, saboda haka Dattijo Purvis ne mai coci a zahiri, shi ke riƙe makulli, shi ke riƙe mutane. Ya zauna a baranda hularsa a gwiwa ya ce wasiyya wasiyya ce, an yi ta gaban Fasto, babu mai hana yaron tsayawa. Amma akwai ƙa'ida. Duk wanda ya bi duniya, kafin ya sake buɗe baki a cikin coci sai ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, a yafe masa. Ya ƙara da cewa Cleophus zai zo da faifan waƙar nan tasa ta rediyo ya karya shi a gaban kowa.

Cleophus ya iso ranar Alhamis da rana cikin wata doguwar mota ja, ƙura na bin ta. Ya shigo kicin ina yanka kaji, idanunsa sun kumbura, ya buɗe hannu zai rungume ni. Na nuna masa hannuna duk jini, na faɗa masa saƙon dattijo ba tare da na ce masa sannu da hanya ba.

"Gafarar me zan nema, Yaya?" ya ce. "Wa na kashe?"

"Ka ɗauki abin Ubangiji ka kai wa mashaya. Ka sa uwarka ta shekara ba ta iya ɗaga ido gaban mutanen coci."

"Mama ce ta gaya miki haka, ko ke ce ba ki iya ɗaga ido?"

Da wuƙar ba a hannuna take ba da na mare shi. Na zazzage masa duk abin da ke cikina: daren da na kwana zaune, magungunan, yadda take kiran sunansa in zazzaɓi ya hau ta, shi kuwa yana can yana murguɗa ƙugu. Ya tsaya ya sha, bai ce ƙarya nake ba. Da na gama sai ya ce zai roƙe ni gafara a kan wannan ko sau ɗari, a nan ko a gaban coci, amma waƙar ba zai ce ta zama zunubi ba. Ya ce abin da yake ji in ya yi ta a dandali shi ne abin da yake ji yana yaro a gefen Mama, kuma mutanen da ke kuka a gabansa ranar Asabar su ne ke kuka a coci ranar Lahadi, riga kawai suke canzawa. Na ce ya fita min daga kicin.

Da amsarsa ta kai kunnen Dattijo Purvis, bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya sa hularsa ya bi gida gida. Gidanmu ne na ƙarshe, ya same ni a bayan gida ina shanya. Ya ce sun yi magana, za a bar yaron ya tsaya ya bayar kamar yadda marigayiya ta so, amma babu wanda zai amsa. Ya ce sai dai duk wannan magana a hannuna take, don in na buɗe baki, mutanen nan bin ni za su yi ko sun so ko ba su so ba, jikinsu ya saba.

"'Yar'uwa Verlene, za ki iya?"

Na ce zan iya. Ban ko yi tunani ba, har wani daɗi na ji a raina, Allah ya sani.

Ranar Juma'a Kawu Roscoe ya zo, yayan Mama. Shekara talatin da biyar bai taka coci ba, jitarsa kawai ya sani da kwalbar giya da soyayyen tarwaɗa na daren Asabar. Labari ya riga ya kai masa, garinmu ba ya riƙe magana. Ya zauna a kan matakala yana cin burodin masarar da aka kawo mana na gaisuwa, ya tambaye ni ko na san inda waƙar nan ta fito. Na ce Ruhu ne ya ba Mama. Ya yi dariya har ya ƙware.

Ya ce shekarar da kogi ya ɓalle, 1927, turawa suka tattara su, mazan baƙar fata, da bakin bindiga suna ɗaukar buhunan yashi a kan madatsa, ba mai tafiya ko'ina. Akwai wata Idella da yake so, aka kwashe ta a kwalekwale ba ta dawo ba. A kan madatsar nan ya haɗa waƙar, shi ya bayar, mazan da ke layin buhu su amsa da sunan Idella. Buluz ce zalla, irin waƙar duniya ta kukan zuci da bege. Mama tana 'yar budurwa tana dafa wa mazan madatsar wake, ta fi kowa iya waƙar, har rawa take takawa. Da ta tuba bayan shekara biyar ba ta iya rabuwa da ita ba, sai ta shiga da ita coci ta sa mata sunan Yesu.

"Purvis ma yana layin buhun nan," in ji shi. "Ya amsa ta da sunan Idella ya fi sau dubu. Je ki tambaye shi mana, 'yar Ozella."

Na ce masa tsohon mashayi maƙaryaci, ya tashi ya bar mana gida, uwata ba ta taɓa rawa ba. Ya tashi abinsa yana karkaɗe wando. Na sani sarai ba ƙarya yake ba, kuma wannan ne ya ƙara tunzura ni. Kowa yana da rabo a waƙar nan, Kawu, Cleophus, har Purvis, ni kaɗai ce aka bari da wanki.

An yi jana'izar ranar Asabar da ƙarfe biyu. Zafi kamar a gasa mutum, coci ya cika har tagogi, mafitan kwali sai kaɗawa suke. Iyaye mata sun jeru cikin fararen kaya, an bar gurbin Mama da furanni a kai. Akwatin gawarta na gaba a buɗe. Fasto ya yi wa'azi mai tsawo, mutane na cewa amin, amin, daga nan ya ce ɗan marigayiya zai cika wasiyyarta. Shi bai san abin da aka ƙulla ba, ko kuma ya sani ya yi kamar bai sani ba.

Cleophus ya miƙe cikin baƙar kwat, ba ƙyalli ko ɗaya. Ya dafa gefen akwatin, ya dubi fuskar Mama, ya rufe ido.

"Ruwa ya kawo bakin ƙofata."

Muryar Mama ce a wuyan namiji, har inda take karyewa. Ya tsaya ya bar mana wurinmu. Shiru. Mafitai duk sun tsaya. Ina jin ƙuda a jikin taga, ina jin idanu a ƙeyata, mutum ɗari da wani abu suna jiran bakina. Na datse haƙora.

Ya buɗe ido ya dubi jama'a, kamar wanda ya taka matakala ya tarar babu ita. Ina tsammanin ya zaci kuka ne ya hana mutane amsawa. Ya sake ja, a hankali fiye da na farko, bai yi sauri ba ko kaɗan. Wata tsohuwa a baya ta fara nishin amshi, aka ji an ce mata shhh, ta haɗiye. Dattijo Purvis na zaune a bencin dattawa hannu a harɗe yana kallon rufi.

Sai Cleophus ya gane. Na ga lokacin da ya gane. Bai dubi Purvis ba, ni ya duba. Na uku kuwa ba wa coci ya bayar ba, ni ya ba, yana kallon cikin idona, hawaye har cikin baki. Amshin ya taso min daga ciki har bakina. Na ce a raina bari ya ƙara ji, bari ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana, in ya ja ta huɗu zan amsa masa, in fasa cocin nan da murya, Purvis ya yi abin da zai yi. Har na cika ƙirjina da iska.

Bai ja ta huɗu ba. Ya sunkuya ya sumbaci goshin Mama, ya ce mata wani abu da ban ji ba. Ya bi ta tsakiyar coci ya fita, takalminsa kaɗai ake ji. Muka ji motar ta tashi. Fasto ya yi gyaran murya ya ce a buɗe littafi, waƙa ta ɗari da tara, aka rera ta kamar ana karanta takarda. Da ita aka rufe akwatin Ozella Stokes, matar da ta shekara talatin tana sa mutanen nan kuka da tsalle.

A bakin kabari ban yi kuka ba, haushi ya hana ni. Haushin mutanen da ke shessheƙa yanzu bayan sun iya kame baki ɗazu, haushin Cleophus da bai iya ƙara ja sau ɗaya ba, sau ɗaya tak, da haushin kaina wanda ya fi duka.

Ana cikin rabon abinci a ƙarƙashin bishiyoyi Dattijo Purvis ya zo wurina da faranti a hannu, cinyar kazar da na soya a kai, bakinsa duk mai. Ya dafa kafaɗata ya ce ya san ba abu ne mai sauƙi ba, amma na tsaya wa Ubangiji, kuma Mama na alfahari da ni a inda take. Ya ce gobe Lahadi suna so ni in ba da waƙar, yanzu tawa ce, kowa zai amsa min.

Na ture hannunsa har farantin ya kife a kan takalminsa.

"Ku da kuka ƙi amsa wa gawarta," na ce, "ni ce za ku amsa wa?"

Ba a sake yin waƙar a Sabuwar Kan'ana ba. Cleophus ya yi shekara goma sha tara bayan haka yana waƙa, gari gari, kuma waɗanda suka je kallonsa sun ce ko an yi ta roƙo ba ya yin waƙar Mama.