Dikoda Ɗari Uku

Dikoda ɗari uku Dogara ya tura Kano, ko ɗaya ba ta nuna ƙwallon ƙafa ba.

Shi kuwa ba ya sayen abin da idonsa bai gani ba, da haka aka san shi shekara goma sha ɗaya a Guangzhou. Yana tsaye a shagon matar da ta sayar masa aka jona, ƙwallon Turai ta fito tar. Ya sa aka zaro kwali biyar daga tsakiya, duk suka kawo. Amma da masu gidajen kallo suka jona a Kano ran Asabar, tashoshin ƙwallo baƙi ƙirin. Ɗaya ce kawai ta buɗe: ƙarti sun rungume wata ƙwallo mai kama da gwanda suna kayar da juna. Zari-ruga. Samari suka farfasa bencina a unguwar Kurna. Masu gidajen suka kai ƙaninsa Salihu, wanda ya raba kayan, wajen 'yan sanda, suka ce babu beli sai ƙwallo ta fito a allo. Yau Juma'a, kwanansa biyar a ciki.

Da safe Dogara ya ja Ussif, ɗan Gana mai tura kaya da ke jin Sinanci, suka koma shagon a bayan titin Liuhua Lu. Matar ba ta ko ɗago daga wayarta ba.

"Meyo," ta ce. Wato babu.

Ussif ya matsa mata, ta yi dogon bayani, ya fassara. Dikoda lafiyarta ƙalau. Izinin nuna wasa ne ake sayarwa ƙasa-ƙasa kamar fili. Na ƙwallo a Najeriya wani kamfani ya saye, don haka akwatin na shiga ƙasar yake rufewa. Wannan zari-rugar kuwa babu wanda ya taya a can, shi ya sa aka bar ta a buɗe.

"Ka ce mata ƙanina na kulle."

Ussif ya faɗa. Ta ɗan yi tunani, ta ce za ta taimaka, za ta buɗe masa tasha ta biyu kyauta. Wai zari-rugar iri biyu ce, ta mutum sha biyar da ta mutum sha uku, kowacce da masu izininta daban.

"Maigida, ka yi hankuri," in ji Ussif. "Ta ce ta sha ukun ta fi gudu."

Dogara bai yi dariya ba. A wayarsa akwai saƙon murya tara daga Sauda, matar Salihu. Ya daina buɗewa tun daga na huɗu, inda ta ce tari ya kama Salihu a ciki.

Bayan sallar Juma'a a masallacin Huaisheng ya tare Mahamadou, ɗan Maradi, wanda ke da mutane a Sabon Gari masu dikoda ta halal. Mahamadou ya ce kafin la'asar ɗin Kano zai iya sa a jona wa duk gidan da ya kai ƙara. Ba ya son kuɗi. Masana'antar jaka yake so a haɗa shi da ita, ta garin Shiling, inda Dogara ke sarin kaya, wadda yake ɓoye wa kowa, wadda duk cinsa da shansa a kanta suke.

"Alhaji, ka yanka ni ke nan."

"Ni ban kira ka ba, Dogara. Kai ka zo."

Awa guda suka yi a mota zuwa Shiling. A ofishin masana'antar Dogara ya nuna Mahamadou ga mai gidan, ya ce daga yau da wannan za a riƙa magana, lawban ne babba, wato ubangida da Sinanci. Mai gidan ya ɗauke kofin shayin da ya riga ya zuba wa Dogara, ya ajiye gaban Mahamadou.

Kiran Salihu ya shigo washegari da rana, Dogara na zaune a ɗakinsa ba wurin zuwa. Muryarsa a dishe, ya ce ya fito, ya tambaya nawa abin ya ci.

"Jeka ka sha magani," Dogara ya ce, ya kashe wayar.