Ƙofar Ƙaramin Sabulu

Mota ta ashirin ta tsaya a bayan 'yan uwanta, layin ya toshe titi har shataletale. Direbobi sai danna hon suke yi. A cikin sito 'yan dako sun jiƙe sharkaf da gumi, amma tun safe mota uku kacal aka loda.

"Ƙarfe huɗu, Kawu," in ji Manaja, ɗan marigayi mai kamfanin. "Babban dillalinmu ya ce in sabulunsa bai tashi kafin nan ba, ya bar mu har abada. In ya tafi, ka ajiye mini makullai."

Shekara ashirin da shida Kawu na riƙe da makullan sito.

Da aka ce an kira kamfanin masu ba da shawara kan jigilar kaya, ya zaci samari zai gani da kwat da kwamfuta. Sai ga wata 'yar tsamurmurar mata da takalmin roba da guntun alli. Ko kujera ba ta nema ba. Wani ɗan dako ta bi a baya, tana ƙirga takunsa.

"Taku ɗari biyu zuwa, ɗari biyu dawowa, a kan katan ɗaya," ta ce wa Kawu. "Baba, me ya kai sabulun wankin da kowa ke nema can ƙurya, wannan koren da ba a taɓawa yake bakin ƙofa?"

"Shi ne sabulun da marigayi ya fara yi, Malama. Mu nan bisa girma muke jera kaya. Babba gaba, ƙarami baya," in ji Kawu.

"Ashe ladabi ne ke karya mana ƙugu," in ji wani ɗan dako. Aka yi dariya, ban da Kawu.

Ta nufi ƙurya, ta ƙwanƙwasa bango a bayan tulin kwalaye. Ƙarar ƙarfe ta amsa.

"Tsohuwar ƙofa ce," in ji Kawu. "Tun da aka yi mana sata na rufe ta."

"Makullin fa?"

Yana nan cikin zoben makullan Kawu, ya yi tsatsa. Sai da mutum huɗu suka sa kafaɗa ƙofar ta buɗe. Haske ya kwararo. Ga fili shimfiɗe har titin baya, ga sabulun wanki taku goma daga bakinta.

Ta durƙusa ta zana kibau da alli: mota ta zagayo ta nan, biyu su tsaya nan, su fita ta can. Ko katan ɗaya na sabulu ba ta ce a sauya masa wuri ba.

"Babba ya zauna a mazauninsa, Baba. Ƙaramin muka buɗe wa ƙofarsa."

Kawu ya tsaya yana kallo. Kaya na bin hannu zuwa hannu kamar ruwan da ya sami hanya. Kullum ta gaban ƙofar nan yake wucewa, ita kuwa cikin minti arba'in ta gan ta.

Huɗu saura kwata motar ƙarshe ta tashi. Manaja ya sunkuyar da kai. "Riƙe makullanka, Kawu."

Sai wani dogon mutum ya ɓullo daga filin, da naɗaɗɗiyar taswira a hammata, yana bin sawun tayoyi da ido.

"Sannunku da aiki," ya ce a hankali. "Wa ya ba ku izinin bi ta filina?"